Kasuwancin Shara Da Jari Bola A Jajimaji, Nguru Da Gashuwa: Riba, Haɗari Da Aikin Da Ya Rage

JAJIMAJI: Duk wanda ya ratsa garin Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa ta Jihar Yobe, washegarin ranar da kasuwa ta ci, zai tarar da abubuwa iri biyu da jama'a suka watse suka bari. Na farko shi ne wanda ba ya daɗewa a ƙasa, wato guntun ƙarfe da gwangwani da fasasshiyar buta da tsohon takalmin roba, waɗanda tun kafin hantsi yara da matasa sun tsince sun kai wa mai sikeli. Na biyu kuwa shi ne wanda ba mai waiwayarsa, wato baƙar leda da ledar fiya wata da ɓawon rake da ragowar kayan gwari, waɗanda iska ke kwasa ta liƙa a jikin ƙaya ko ta tura cikin magudanar ruwa. Dalilin wannan bambanci guda ɗaya ne: kashi na farko yana da mai saye, na biyu kuwa ba shi da shi.

A kan wannan bambanci ne duk wani lissafi na kasuwancin shara yake tafiya a arewacin Jihar Yobe. Sana'ar jari bola, wadda wasu ke kira gwangwan, tana ciyar da gidaje masu yawa a Jajimaji da Nguru da Gashuwa ba tare da gwamnati ta kashe mata ko kwabo ba. Sharar tituna da kwashe juji kuwa aiki ne da yake cin kuɗi kullum, kuma sai an sami wanda zai biya sannan a yi shi. Abubuwan da suka faru a Borno da Abuja da Kano tsakanin 2022 da 2025 sun nuna cewa ita ma sana'ar da ke kawo ribar tana iya tsayawa cak a rana ɗaya idan masu ita ba su tsara ta ba.

Hanyar da kaya suke bi

Jajimaji tana kan hanyar da ta haɗa Nguru da Gashuwa, garuruwa biyu da suka daɗe da zama cibiyoyin ciniki a wannan yanki. Tun daga 1930, lokacin da layin dogo daga Kano ya ƙare a Nguru, harkar cinikin yankin ta karkata zuwa Kano. Gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi da busasshen kifi duk ta wannan hanya suke fita, kayan masana'antu kuma su shigo. A yau manyan motoci ne suka gaji jirgin ƙasa, suna bi ta Haɗeja, tafiyar da ta haura kilomita 200, kuma tarkacen ƙarfe da na roba sun shiga jerin kayan da yankin yake aikawa.

Sana'ar tana da matakai. A ƙasa akwai masu tsintuwa, waɗanda ke yawo da buhu ko baro ko kura suna bin juji da lungu, wasu kuma suna shiga ƙauyuka suna sayen tsofaffin kwanuka da tukwane daga hannun matan gida, ko su yi musaya da sababbin kayan roba. Daga nan sai mai sikeli na unguwa, wanda ke auna kaya da kilo ya biya nan take. Sama da shi akwai dila mai fili, wanda ke tara kaya har su cika mota, kuma sau da yawa shi ne ke ba na ƙasa da shi jari. A ƙarshe akwai masana'anta, wadda ita ce ke yanke farashi, sauran kowa ya cire ribarsa daga abin da ta yanke.

Kayan ma ba darajarsu ɗaya ba. Jan ƙarfe, wanda ake samu a cikin waya da tsofaffin injuna, shi ne kan gaba a tsada. Sai tagulla da alminiyum, sai dalmar da ke cikin batirin mota, sannan baƙin ƙarfe, wanda ya fi kowanne yawa amma kilonsa ya fi araha. Baƙin ƙarfen yana ƙarewa ne a masana'antun da ke narka shi su fitar da rodin gini, a Kano da kuma jihohin Legas da Ogun da Osun da Kwara. Alminiyum kuwa wani kasonsa ba ya barin yankin, domin maƙeran gida suna narka shi su zuba tukwane da ludaya. Masana'antu suna rububinsa saboda narka tsohon alminiyum yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 kawai na makamashin da ake buƙata wajen haɗa sabo daga ma'adini.

Robobi masu tauri, irin su bokiti da baho da jarka da kujera, ana ware su bisa launi da iri, a markaɗe, a wanke, a sayar wa masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, inda suke dawowa kasuwa a matsayin buta da takalmi da bokiti. Tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, ɗanyen kayan roba da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara tsada, abin da ya sa masana'antu suka ƙara karkata ga markaɗaɗɗiyar roba ta gida.

To amma kuɗin mota shi ne alƙalin wannan ciniki. Tirelar da za ta ɗauki tan 30 na ƙarfe, idan aka loda mata gorunan ruwa da ba a matse ba, za ta cika maƙil alhali nauyin bai kai ko kusa ba, kuma direba kuɗin tafiya zai karɓa, ba kuɗin kilo ba. Tsadar man dizal tun daga 2022, da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sun ƙara tsananta wannan lissafi. Wannan ne ya sa ƙarfe yake fita daga Nguru da Gashuwa, leda kuma take zama.

Fashewar Kano da darasin da ta bari

A watan Yunin 2025 wani abu ya fashe a wajen sauke tarkacen ƙarfe a gefen babbar hanyar da ta kewaye birnin Kano ta gabas, inda mutum 5 suka rasa rayukansu, wasu kuma suka jikkata. Rundunar 'yan sandan jihar ta bayyana cewa motar da ta kawo kayan daga Jihar Yobe ta taso, kuma ana zaton harsashin yaƙi ne da bai fashe ba ya shiga cikin tarkacen. A watan Yulin wannan shekara Gwamnatin Jihar Kano ta ba da umarnin dakatar da shigo da tarkacen ƙarfe daga jihohin Arewa maso Gabas.

Umarnin bai bambanta ƙaramar hukumar da ta sha fama da rikicin Boko Haram da wadda ba ta sha ba. Dilan da ke Jajimaji, wanda kayansa tsofaffin garmuna ne da ƙafafun kura da kwanon rufi, ya shiga sahu ɗaya da wanda ya kwaso kaya daga dajin da aka yi artabu. Ga ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a tarin ƙarfe, kowane mako da kaya suka yi a fili asara ce, domin kuɗinsa a ɗaure suke, masu tsintuwa kuma ba za su jira ba.

Idan za a iya tunawa, wannan ba shi ne karo na farko da aka taka wa sana'ar birki ba. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun kashe kimanin mutum 30 masu neman tarkacen ƙarfe a yankin Dikwa na Jihar Borno, kuma a watan Yulin 2023 Gwamna Babagana Umara Zulum ya haramta sana'ar a jihar, yana mai kafa hujja da kashe-kashen da kuma satar kayan gwamnati. Haka nan a watan Janairun 2025 hukumomin Babban Birnin Tarayya sun hana 'yan baban bola yawo a cikin Abuja, suka kuma rufe kasuwannin panteka na tsawon mako biyu domin tantance masu sana'ar, bayan yawaitar satar murafen magudanan ruwa na kan tituna.

A dukkan waɗannan wurare zargin iri ɗaya ne, wato mai sikeli ba ya tambayar inda kaya suka fito. Muddin akwai mai sayen wayar lantarki ko ƙarfen layin dogo ko kan famfon burtsatse ba tare da tambaya ba, to za a sami mai cirowa. Ƙungiyar dillalan tarkace ta ƙasa, wato NASWDEN, ita ce inuwar da masu sana'ar suke da ita wajen tattaunawa da hukuma, amma rajista da katin shaida ba za su wadatar ba sai kowane fili ya riƙe littafin da ke nuna wanda ya kawo kaya da ranar da ya kawo da kuma irin kayan. Har ila yau wajibi ne a koya wa masu lodi da masu yankan ƙarfe yadda za su gane harsashi da gurneti, su nisance su, su sanar da jami'an kwance bama-bamai na 'yan sanda. Wannan horo ba shi da tsada idan aka kwatanta da rai guda ko rufe kasuwa na wata guda.

Shara aikin wane ne?

Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora kwashe shara da kula da makewayin jama'a da kasuwanni da tashoshin mota a wuyan ƙananan hukumomi. Ke nan a wannan yanki alhakin yana kan ƙananan hukumomin Karasuwa da Nguru da Bade, yayin da Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Yobe, YOSEPA, take kula da lamarin a matakin jiha. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku tana da mutum sama da 100,000, kuma tun daga lokacin jama'a sun ƙaru, musamman a Gashuwa, wadda ta sami Jami'ar Tarayya a 2013.

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari na En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da kwata, ya kai mai ƙazanta gaban alƙali. Suna kuma tuna shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, wanda aka ƙaddamar da sashensa na tsaftar muhalli a Kano a 1985, daga nan kuma al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta bazu. Waɗannan tsare-tsare sun dogara ne ga tilas, kuma sun yi tasiri gwargwado, amma ba su amsa tambayar inda za a kai sharar da aka tara ba, balle wanda zai sayi man motar da za ta kwashe ta. Bugu da ƙari, sharar wancan lokaci yawancinta toka ce da ganye da kashin dabbobi, waɗanda ƙasa ke cinyewa. Leda ba ta ruɓewa.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya sake buɗe maganar ko za su iya ɗaukar wannan nauyi da kansu. Ga ɗan kasuwa ma'anar wannan ita ce, idan kuɗin suka isa hannun ƙaramar hukuma, akwai yiwuwar a ba da kwangilar share kasuwa da tasha da yashe magudanan ruwa ga ƙananan kamfanoni na gida.

Sai dai akwai darasi daga manyan birane. Jihar Kano ta kafa hukumar kwashe shara ta REMASAB a 2003. A 2021 gwamnatin jihar ta miƙa aikin ga kamfanin Capegate bisa yarjejeniyar haɗin gwiwa, amma a 2022 aka soke yarjejeniyar bayan shara ta taru a tituna. A Legas ma, shirin da aka ɓullo da shi a 2017 na miƙa kwashe sharar gidaje ga babban kamfani guda bai ɗore ba, aka koma ga ƙananan 'yan kwangila na unguwanni a ƙarƙashin hukumar LAWMA. Abin da za a fahimta shi ne, kwangilar shara tana rayuwa ne idan an san takamaiman wanda zai biya, da nawa zai biya, da kuma ranar biya. Ƙaramin ɗan kwangila mai kura goma da amalanke, wanda ke karɓar kuɗin mako daga masu shaguna da suka san fuskarsa, ya fi kusa da dacewa da gari kamar Jajimaji fiye da kamfani mai manyan motocin da ba a samun kayan gyaransu sai a Kano.

Leda da taki

Asarar da leda take jawowa a wannan yanki ba a ɓoye take ba. Mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da tumaki da awaki, kuma dabbar da ta haɗiye ta takan rame ta faɗi a farashi, wani lokaci ta mutu, a yankin da kiwo yake cikin manyan hanyoyin samun kuɗi. Haka kuma leda tana toshe magudanan ruwa. Ambaliyar 2022, wadda ta shafi garuruwa da gonaki a Bade da Karasuwa da Jakusko da Nguru, tumbatsar kogi da yawan ruwan sama ne suka haddasa ta, amma a cikin gari toshewar kwata ita ke sa ruwa ya kwana a gindin katangar ƙasa har ta zube. Abin da ya tsere daga gari kuma yana gangarawa ne zuwa Kogin Yobe da dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka sanya wani sashensa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, kuma dubban masunta da manoman rani da makiyaya suke dogara da shi.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020, ta kuma hana amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta a 2024. Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na soso a watan Janairun 2024. Akwai kuma tsarin hukumar NESREA wanda ya ɗora wa kamfanonin da ke zuba kaya a roba alhakin taimakawa wajen tattara ta, wanda a ƙarƙashinsa manyan kamfanonin lemo da abinci suka kafa ƙawancen sake sarrafa roba a 2018. Ƙungiyar 'yan kasuwa mai rajista ta fi ɗan tsintuwa guda damar ƙwanƙwasa ƙofar irin waɗannan tsare-tsare.

Ledar fiya wata tana da masu saye idan an tara ta da yawa, an bushe ta, an kuma matse ta. Saboda haka jarin da ya fi dacewa da yankin shi ne injin matse kaya da injin markaɗe roba, a girke su a wuri guda da zai karɓi kayan garuruwan uku, ta yadda mota za ta tashi da cikakken nauyi. Jajimaji, da yake tana tsakiya, tana da wannan dama. Matsalar da za a fara warwarewa ita ce wutar lantarki, domin injin da ke aiki da dizal yana iya cinye ribar kafin kaya su isa Kano. Masu kamfanonin fiya wata na Nguru da Gashuwa su ma suna da rawar takawa, tunda motocin da ke raba ruwa suna komawa ne babu kaya.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi shi ne taki. Mafi yawan abin da ake sharewa a kasuwar hatsi da ta dabbobi da mahauta abu ne mai ruɓewa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin noman kewayen Kano tun daga shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki zuwa gonaki, abin da ya taimaka wa ƙasar ta jure noma shekara da shekaru ba hutu. Ƙasar Karasuwa jigawa ce mai yashi, wadda ke buƙatar irin wannan taki domin ta riƙe danshi, ga shi kuma takin zamani ya yi tsada. Abin da ke rage wa takin juji daraja a yau shi ne leda da kwalba da batiri da ke cakuɗe a ciki. Wanda ya ɗauki ma'aikata suka tace shi, ya tara shi ya ruɓe, yana da masu saye a gonakin gero da riɗi da kuma fadamun albasa da barkono, kuma wannan kaya ba ya buƙatar tirela zuwa Kano.

Batun lafiya

Akwai ribar da bai kamata a nema ba. Fasa batirin mota a fili domin ciro dalma, da zubar da ruwan batirin a ƙasa, da ƙona waya domin a raba ta da robarta, duk suna sakin guba a iska da ƙasa da ruwa. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, tana kuma illa ga ƙoda. Arewacin ƙasar nan ya ga iyakar haɗarinta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a Jihar Zamfara sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Gashuwa da kewayenta sun daɗe suna fama da yawan ciwon ƙoda, har Gwamnatin Jihar Yobe ta sa masana su binciki musabbabinsa, don haka yankin ba shi da sararin ƙara wa kansa wata guba. Dokar kula da batura ta 2024 ta tanadi cewa masu izini ne kaɗai za su tattara su kuma sarrafa tsofaffin batura. Yayin da wutar sola take yaɗuwa a gidaje da shaguna, yawan matattun batura zai ƙaru, kuma hanya mafi aminci ga dila ita ce ya sayar da su a rufe yadda suke ga masana'anta mai lasisi.

Haka nan ba a rasa ƙananan yara, ciki har da almajirai, a cikin masu tsintuwa, suna tona juji da hannu babu takalmi, inda ake samun allurai da fasassun kwalabe. Safar hannu da takalmi da allurar rigakafin sarƙewar haƙora ba su fi ƙarfin dilan da ke loda tirela ba, kuma bai dace a bar yaro a juji a lokacin karatu ba.

Abin da ya rage

Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2018 cewa duniya tana fitar da shara tan biliyan 2.01 a shekara, kuma adadin zai kai tan biliyan 3.4 nan da 2050, inda ƙasashen Afirka kudu da Sahara za su fi kowa saurin ƙaruwa. Garuruwa irin su Jajimaji da Nguru da Gashuwa suna cikin wannan lissafi.

Ya rage ga ƙananan hukumomin uku su ware filayen zuba shara nesa da kogi da rijiyoyi, su yi wa masu sikeli rajista, su kuma fitar da kwangilar share kasuwanni a fili tare da bayyana hanyar biya. Ya rage ga dillalai su riƙe littafin kaya, su tantance lodi kafin mota ta tashi, su kuma haɗa jari wajen sayen injuna. Bankuna da hukumomin ba da rance ga ƙananan masana'antu su ma ya kamata su dubi wannan sana'a, domin kayanta ba sa yankewa rani da damina. Sarakuna da limamai da shugabannin kasuwa kuwa su ne za su shawo kan mai shago ya amince cewa kuɗin shara na mako ya fi masa sauƙi a kan gyaran katangar da ruwa ya rusa.